Masu Kiwon Sauro

"Wato kuɗin talakawa kuke kwasa kuna kiwon sauro?" in ji shugaban kwamitin majalisa. Zauren ya kwashe da dariya.

Malamar bincike ba ta ko murmusa ba. Shekara goma sha ɗaya tana kiwon sauron nan a keji, don a kansu ake gwada maganin zazzaɓi. Wata bakwai ke nan da tsayar da kuɗin binciken, ana ta ja-in-ja kan wa ke da ikon sakin kuɗin, majalisa ko minista. Mai kawo wa sauron jinin dabbobin da suke sha ya daina zuwa. In sauron suka mutu, aikin ya bi su.

"Ranka ya daɗe, ba kuɗin kowa suke ci ba," ta ce.

"To me suke ci? Iska?"

Ta gaji da bayani. Ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu, ta ɗora a kan teburinsa. Cizo ne babu masaka tsinke, tabo kan tabo, wasu na safiyar nan.

"Wannan na hagu ne," ta ce. "Na daman yana hutu sai jibi."