Busasshen Kwale-kwale

Zauna nan, Lurwanu. Tun ran da aka ɗora ka a kan kujerar nan na ga kana yi wa tsofaffin ma'aikatanka kallon ɓarayi, kowa ya ba ka shawara sai ka shiga laluben abin da ya ɓoye a bayanta. To, buɗe kunne ka ji na waɗanda suka fi ka kujera.

Wasu mutum uku ne, 'yan aji ɗaya tun firamare, Allah ya ɗaukaka kowannensu. Ɗaya ya zama babban alƙali, shekara talatin yana sauraron masu rantsuwa kan ƙarya, har ta kai ko matarsa ta ce miya ta nuna sai ya nemi shaida. Na biyu ya shugabanci banki, bai taɓa yarda da murmushin mutum ba sai ya ga abin da ya kawo jingina. Na uku babban hafsan sojan ruwa ne, ya ja jiragen ƙarfe a teku har gashinsa ya yi fari. Bayan duk sun yi ritaya, sai saƙo ya riske su cewa tsohon malaminsu, wanda ya fara kama hannunsu ya koya musu rubutu, yana kwance rai a hannun Allah a ƙauyensa, tsallaken kogi, kuma ba abin da yake roƙo sai ya gan su. Suka yi sammako, hantsi ya yi musu a bakin ruwa. Damina ce, kogi ya cika ya batse, gada kuwa tafiyar wuni ce daga nan.

Mai fito, wani dattijo ramamme, ya nuna musu kwale-kwalensa: tsoho, baƙi ƙirin, ga ruwa kwance a cikinsa har idon sawu. Can a kan tudu kuma ga wani a kife, busasshe ƙamas, fenti sai sheƙi yake yi. Suka ce wancan suke so. Dattijo ya ce, "Ranku ya daɗe, wancan tun rani yake tudu, katakonsa ya tsuke. Sai ya kwana uku a ruwa ya kumbura kafin ya ɗauki mutum. Wannan da kuke gani da ruwa, da gangan nake barin ruwan a ciki don kada katakon ya tsuke."

Ai kuwa sai suka kalli juna. Alƙali ya jero masa tambayoyi, yaushe aka yi fentin, wa ya yi, wa ya gani, da dattijon ya yi ɗan jinkirin tuna watan sai ya kaɗa kai ya ce maganarsa tana tufka da warwara. Na banki ya raɗa musu cewa duk wanda ya ɓoye maka sabo ya tura maka tsoho, akwai wanda yake ajiye wa sabon. Hafsa ya zagaya tsohon jirgin, ya tsoma yatsa a ruwan, ya ce shi a duk aikinsa bai taɓa jin jirgi mai ruwa a ciki ya fi busasshe lafiya ba, in da a ƙarƙashinsa mutumin nan yake da tuni an kulle shi. Ka ji fa! Mutumin da aka haifa a bakin kogin nan, ubansa mai fito, kakansa mai fito. Ya roƙe su, ya haɗa su da Allah, suka ɗauki roƙon a matsayin ƙarin hujja a kansa. Da girmansu ya yi masa nauyi sai ya sakar musu, ya ce amma shi ba zai shiga ba. Hafsa ya naɗe hannun riga ya karɓi tuƙi.

Ba su kai tsakiya ba ruwa ya fara tsattsafowa ta kowace gaɓa ta katako. Alƙali na kwarfa da hula, na banki na kwarfa da takalmi, jirgi ya yi nauyi ya ƙi jin tuƙi, igiyar ruwa ta ja su ta yi gangare da su, ta je ta watsar a wani tsibirin yashi da ko hayaƙin gari ba a hangowa. Allah ya yi da sauran kwana. Shi kuwa dattijo ya tsallakar da wasu mata da ke jiran fito da ƙorensu na nono, ko zanensu bai jiƙe ba, sannan ya bi kogi yana nemansu. Sai bayan la'asar ya kwaso su, a cikin tsohon jirgin nan da suka raina.

Suka shiga ƙauye ba takalmi, riguna na ɗiga, suka yi kiciɓis da jama'a ana dawowa daga maƙabarta. Matar malam ta ce musu tun asuba ya sa aka juya masa gado ya fuskanci ƙofa, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai ya tambaya ko yaransa ne. Da azahar ya daina tambaya. Wallahi, Lurwanu, duk sanda na tuna wannan sai zuciyata ta yi ƙuna. Manyan mutane uku suka durƙusa a ƙofar ɗaki suna kuka, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Saboda haka gobe in tsohon masinjan ofis ɗinka ya ce maka kada a bi ta nan, ka saurare shi kafin ka fara zarginsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.