Jan Bakin Gwaggo Talatu

Jan bakin Gwaggo Talatu ƙanshin alewar madara yake yi, gefensa ɗaya ya narke saboda zafin ɗaki. Ina aji huɗu a firamare lokacin, kuma ranar kasuwar Gwaram ce, bayan azahar. Awarar Inna ta daɗe tana kwantai tun da wata mata ta kafa kaskonta a bakin tasha, shi ya sa aka kira Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ba da shawara.

Ko ɗanɗana awarar ba ta yi ba. Haɓata ta kama, ta goga mini jan bakin, ta zizara mini kwalli, ta ture ɗankwalina baya.

"Kullum kina tura yarinya talla kamar mai zuwa ta'aziyya, wa zai saya?" ta ce da Inna. Sannan ta juyo gare ni. "In direbobi sun tsokane ki, ki yi dariya. Ban da ɗaure fuska."

Na kalli Inna, ina jiran ta hana. Sai ta sunkuya tana gyara itacen murhu.

Kafin magariba farantina ya koma wayam. Wani kwandasta, sa'an Baba, ya riƙe mini hannu yana kirana amarya, ni kuwa na yi dariyar da aka umarce ni.

Na sha mafarkin ranar da zan fara kwalliya a gaban madubi saboda wani mai ƙaunata. Aka ƙwace mini ranar don awara ta ƙare. Na daina jin haushin Gwaggo, halinta ne. Inna ce har yau take tafasa mini zuciya, domin washegari ita da kanta ta shafa mini.