Cibis ɗin da Baba Ya Kawo Daga Mina

Ina aji biyu lokacin. Baba ya shigo gidanmu na unguwar Madain Fahad bayan la'asar, riga jiƙe da gumi. Dako yake yi a mina, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Wani Bature ma'aikacin jirgi ne ya ba shi 'yar ledar cibis ɗan Ingila, soyayyen dankali mai arha, irin wanda yaransu ke saya a hanyar makaranta. Bai ɗanɗana ba. Ya cusa mini ita a aljihunsa, ya ci gaba da rungumar buhuna har aka tashi.

Ina yage ledar warin albasa da ruwan khal mai tsami ya doki hancina. Cibis ɗin duk ya niƙe.

"Baba, wannan ai gari ne," na ce. Ni dama bakina ba ya jira.

Ya sunkuyar da kai, yana ta kakkaɓe aljihun.

Umma ta karɓe ledar, ta barbaɗa a kan shinkafa da waken da za mu ci. "Halas, yajin Turawa ne. Yalla, ku sa hannu."

Tsami ya sa Baba runtse ido ɗaya.

"Hajiya, ashe mutanen nan ma suna shan wahala," ya ce, ya yi dariya har da tari. Sannan ya juyo mini da gefen farantin da ya fi samun garin.

Har yau ba na son tsami. Amma ran nan tas na suɗe.