Taku Ɗaya a Rana

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Taku goma sha ɗaya kacal Hajiya Safiyatu ta yi ta kashe sarkin Abdulbaƙi, a gaban darakta da ma'aikata kaf. Gasar ches ce ta wata ma'aikata a Abuja, wadda ake yi duk shekara don fitar da wakili, kuma shekara shida a jere Abdulbaƙi ne yake zuwa. Ba cinyewar ce ta fi ƙona masa rai ba. Da ta miƙe, sai ta gyara mayafinta ta ce masa sannu da ƙoƙari.

Daga ranar bai ƙara yi mata magana ba. Yana hawa na biyu, tana hawa na biyar, aikinsu kuma a haɗe yake. Ko ta kira waya ba ya ɗauka. Komai sai dai a aiki Malam Sale masinja, dattijon da ya shekara talatin yana hawa da sauka da fayil, wanda ba a taɓa jin ya mance kalma ɗaya ta saƙo ba.

Abdulbaƙi ya rantse sai ya karɓi kujerarsa. Ya ajiye allon ches a gefen tebur, kullum yana hararar sa kamar shi ya yi masa laifi. Wata safiya Malam Sale ya ajiye fayil, ya dubi allon ya ce, "Oga, sarkinka a waje yake kwana. Rufe ƙofar gidanka tukuna, sannan ka tafi yaƙi."

Abdulbaƙi ya buɗe baki zai daka masa tsawa, sai idonsa ya faɗa kan allon. Gaskiya ce. Haka aka yi masa a gasar.

Nan suka fara wasa, amma da sharaɗin dattijon. Oga ne zai riƙa ɗaukar fararen 'ya'yan ches ya fara, don girmamawa. Taku ɗaya za a yi a rana, domin shi tsoho ne, sai ya je ya dawo tunaninsa yake nuna. Kuma ba zai taɓa ko soja ɗaya ba, hannunsa duk ƙurar fayil ce. Zai nuna gida da yatsa, oga ya matsar.

To, ba takun ne abin mamaki ba, bayanin ne. Malam Sale zai tsaya, hannu a baya, ya zayyana dalili tiryan-tiryan kamar mai biya karatu: abin da ya fara dubawa, abin da ya ji tsoro, dalilin da ya sa ya bar soja aka ci don dokinsa ya samu wurin zama a tsakiya. Ya koya masa kafin ya tambayi kansa me yake so, ya fara tambayar me abokin wasansa yake nufi da takun da ya yi. In Abdulbaƙi ya jefa masa tambaya, sai ya ce a bari sai gobe. Gobe kuwa amsar za ta zo cif.

Wata bakwai ana haka. An cinye Abdulbaƙi sau huɗu, kowane wasa ya fi na baya tsawo. Yana yi yana zagin Hajiya Safiyatu, wai sa'a ce kawai ta samu, da ta gamu da irin su Malam Sale da ta san ba ta iya komai ba. Dattijon kuwa sai dai ya kwashi fayil ya nufi bene.

Ranar gasa ta zo. Abdulbaƙi ya samu farare. Ya killace sarkinsa, ya bi a hankali, ya ƙi duk tarkon da ta ɗana. Taku hamsin da biyu aka yi, aka tashi canjaras. A dokar gasar, in aka yi canjaras mai riƙe da kujera ce take zarcewa.

Hajiya Safiyatu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Wannan karon ka rufe ƙofar gidanka kafin ka tafi yaƙi."

Jinin Abdulbaƙi ya tafasa. Kalma da kalma! Ashe dattijon nan hannu biyu yake ci, yana koya masa, yana kuma zagayawa ya koya mata. Ya bar zauren ko sallama babu, ya tarar da Malam Sale a bakin bene yana murza gwiwa. Ya kira shi maci amana, ya ce sai ya ga an mayar da shi ofishin da ko kujera babu, ya tambaye shi tun yaushe yake kwashe sirrin wasansa yana kai mata.

"Tun ranar farko, oga," in ji Malam Sale. "Ai aikina ke nan."

Abdulbaƙi ya janyo allon daga jakarsa, ya dangwara shi a kan matakala, ya ce yau ba sai gobe ba, yanzu za su buga a gaban kowa.

Dattijon ya ɗauki doki a karo na farko, ya juya shi a hannu, ya mayar a hankali.

"Oga, ni ko yadda wannan yake tafiya ban sani ba. Takunka nake kai wa Hajiya in ce nawa ne, ta taka, ta yi mini bayani, in sauko maka da shi. Maganar rufe ƙofar ma a bakinta na ji ta. Ita har yau tana zaton ni take koya wa."

Ƙurunƙus, nan kan ɗan kusu ya faɗi.