Kwanon Nachattar

"Ɗaga butar sama, Baba. Kada bakinta ya taɓa kwanon," in ji darakta.

Nachattar ya gyara zama a kan gadon igiya, ya sha rawani da farar riga. Wani jarumi daga birni ya durƙusa gabansa cikin tsumma, ya miƙo tsohon kwano mai guntulen baki. Fim ake yi na wani littafi da ya sa mutanen Punjab kuka, labarin barorin gona, waɗanda saboda asalinsu ake ƙyamar taɓa su ko kwanonsu. Tsayin Nachattar da farin gemunsa suka sa aka ce ya fito a mai gona.

Ya tsiyayo shayin daga sama, ko ɗigo bai zube ba.

"Baba, a ina ka koyi wannan?" in ji darakta.

"Na daɗe ina gani, ɗana."

Aka yi ta tafi. Da aka tashi, ya mayar musu da rawaninsu, ya tsuguna a ƙasa inda ya saba tun yana yaro, don shi ma baran gona ne a gidan. Bibi Gurmel, uwargidan da aka ari tsakar gidanta, ta fito tana raba wa kowa shayi a kofin gilashi. Da ta zo kansa ta tsaya.

"Ina kwanonka, Nachattar? Ban gan shi a bangon garke ba."

"Da shi aka yi fim ɗin, Bibi. Jarumin ya tafi da shi, wai zai riƙa tuna zamanin da ya wuce."

Ta dubi kofunan, ta dube shi.

"To, tara hannu."

Ta ɗaga butar sama.