Kibiyar da ke Kwana a Benin

Malami ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya sake shi, ya fuskanci yamma. Haka yake yi duk kaka, ranar gasar harbin nesa a bayan Illo. Ba a auna komai a gasar, wanda kibiyarsa ta fi nisa shi ke riƙe sarautar Sarkin Baka. Malami kuwa ya riƙe ta har ta yi masa kanta.

Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya harbi sai la'asar sakaliya, lokacin da rana ke tsone idon kowa. Za a ji tsirkiya ta yi ƙara, a kare fuska da tafin hannu, sai wani dattijo ya ce, "Ta ƙetare." Wato ta faɗa ƙasar Benin. To, wa zai je ya sha tambayar jandarma saboda kara guda?

Malami mutum ne da guga ke gagara a bakin rijiya, amma in ya ɗauki baka sai a ce baiwa ce. Matarsa Mairama ma ba ta taɓa tsayawa kallo ba. Tun da sassafe take ɗaukar naɗin tabarminta ta yi tsallaken iyaka talla.

Bana sai ga Shamsu, matashin maharbi mai damtse kamar taɓarya. Ya shekara yana fere kibau marasa nauyi. Da ya saki tasa, sai da ta dangana da bakin rafin iyaka.

Malami ya yi nasa. "Ta ƙetare," in ji dattijon.

"Sai na gani da idona," in ji Shamsu. "In babu ta, sarauta tawa ta."

Ya tsallaka da shaidu, ya sha tambayar jandarma. Can cikin wata gonar dawa suka sami kibiyar a kafe, da jan zaren da Malami ke ɗaura wa kibansa a gindinta. Shamsu ya dawo jiki a sanyaye, ya durƙusa ya nemi gafara. Abin tausayi, har bakansa ya miƙa.

Da Malami ya shiga gida, ya kakkaɓe hannun riga, kibiya ta faɗo. Mairama ta ɗauka ta cusa cikin naɗin tabarmi.

"Baɗi ka rage nisa, Sarkin Baka," ta ce. "Gwiwoyina sun gaji da tahiyar ga."