Guntun Bakin Bututu

Gwenda Paltridge ta sake leƙa madubin ƙara girman abu, ta sake ganin abin da take gani tun safe: ƙarfe sumul, ko ɗigon tabo babu.

Ƙa'idar tashar nukiliyar da take aiki ce, duk bututun ƙarfen zikoniyam da za a sa cikin tukunyar nukiliya sai an yanko guntu daga bakinsa an kawo mata ta gwada. Ta san halin ƙarfen nan kamar yunwar cikinta. Ga ƙarko, ga jure wuta, amma in iskar haidirojin ta shige shi tun a masana'anta, to ya zama munafuki. Yana ajiye ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ya tsage.

Kuma in an tashi tukunyar, ɗanta Rohan ne a kan aiki, dab da ita. Yaron da ko ƙurar bikinsa ba ta lafa ba.

Shi ya sa hankalinta ya ƙi kwanciya. Kamfanin da ya ƙera sabon bututun bai taɓa yi musu aiki ba. Amma guntun da Dez, tsohon maƙerin tashar, ya kawo mata lafiya lau yake, ita kuwa ba ta taɓa kama Dez da ha'inci ba. Mutumin kirki ne, mai hannun kyauta. Ba a biki a tashar nan bai ƙera wa ma'aurata wani abu ba.

Shugaban tashar ya leƙo. "Gwenda, asibitocin Sydney fa sun hana ni sakat. Masu ciwon daji na jiran maganin da tukunyar nan ke samarwa."

Ta sa hannu a takardar amincewa da bututun.

Ranar Juma'a aka kunna tukunyar. Da rana ma'aikata suka taru ƙarƙashin itatuwan turare ana gasa tsiran nama, kamar yadda suka saba. Daga nan ana jin gurnanin famfunan da ke sanyaya tukunyar. Gwenda na tsaye da faranti wayarta ta yi ƙara. Surukarta ce Tamsin, matar Rohan, tana kuka.

"Mama, zoben aurena ya karye. Cire shi na yi na aje a kan tebur, ina wanke-wanke na ji ƙas! Wallahi ban taɓa shi ba. Ni dai jikina ya ba ni wani abu zai sami Rohan."

"Haba Tamsin, a kan zobe? Share hawayenki, sai a sayi wani."

Ta kashe wayar tana tsaki. Yaran zamani da camfi!

Sai ga Dez ya taho, maiƙo har gemu, yana murmushi. "Uwar ango, wa ya taɓa ki?"

"Tamsin ce, wai zobenta ya karye shi kaɗai."

"Karye? Kai, ba dai wanda na ƙera ba! Ƙarfen nukiliya ne fa, har jikokinta sai sun gaje shi."

Gwenda ta aje farantin a hankali. Can bayan shinge hasken ɗakin da Rohan yake ya koma kore, alamar tukunya ta kai cikakken ƙarfinta.

"Dez, a ina ka samo ƙarfen?"

Ya rage murya, yana ƙyafta mata ido. "Kar ki faɗa wa oga. Guntun sabon bututun ne, ya yi daidai da yatsa ga ƙyalli, na ce wannan na amarya ne. Wanda na kai miki gwaji daga ragowar tsohon na yanko, ai duk ƙarfe ɗaya ne."